Mai Lamuni a Tsakiyar Tsani: Tashi da Faɗuwar Dominick Napolitano a Mafiyar New York, 1979 zuwa 1981

Tsakure

Wannan takarda ta bibiyi rayuwar Dominick Napolitano, wanda aka fi sani da Sonny Black, kaftin a gidan Bonanno na Mafiyar birnin New York. Ya hau muƙami a 1979, mutanen gidansa suka kashe shi a 1981. Takardar tana kafa hujja da cewa babban aikin mai matsakaicin muƙami a ƙungiyar miyagu shi ne lamuni, wato tsaya wa na ƙasa a gaban na sama, kuma tsarin kuɗin ƙungiyar yana tura shi ya yi lamunin da bai kamata ba, sannan ya bar shi ya biya shi kaɗai.

Gabatarwa

Duk sanda aka ɗauko zancen Mafiyar Amurka, sunayen shugabanni ne ke fara zuwa baki: Lucky Luciano, Carlo Gambino, John Gotti. Bayan su sai ƙananan 'yan ƙungiya da suka fasa ƙwai, irin su Joseph Valachi, wanda ya zauna gaban kwamitin Majalisar Dattawan Amurka a 1963 ya zayyana yadda ƙungiyar take. Mutumin da ke tsakani, wanda ke ɗauko umarni daga sama ya sauke a kan titi, ya tattaro kuɗin titi ya miƙa sama, bai samu kulawar da ta dace da shi ba, alhali a hannunsa harkar yau da gobe take. Shugaba yana iya shafe shekaru a kurkuku ƙungiya na tafiya. In babu kaftin ko na wata guda ne, caca da bashi da fashi duk sai su watse.

Na zaɓi Napolitano ne saboda da wuya a samu wani kaftin da aka ga cikinsa kamar shi. Jami'in hukumar FBI, Joseph Pistone, ya yi shigar burtu da sunan Donnie Brasco, ya zauna da shi, ya ci abinci da shi, har ya riƙa kwana a gidansa. Labarinsa ya fito a littafin da ya rubuta tare da Richard Woodley a 1988. Akwai kuma faya-fayan da aka naɗa a asirce da shari'ar da aka yi a 1982, sannan shaidar da tsofaffin 'yan gidan suka bayar a shari'ar Joseph Massino, wanda ya shugabanci gidan daga baya, a 2004. Kowace majiya da raunin da ke tattare da ita. Pistone bai ɓoye cewa mutumin ya kwanta masa a rai ba, su kuwa masu shaidar 2004 kansu suke fansa da bakinsu. Saboda haka na fi jingina da wuraren da majiyoyin suka haɗu.

Tsanin da wurin kaftin a cikinsa

Gidajen Mafiya biyar na New York sun samu siffarsu a 1931, bayan yaƙin cikin gida da ya ƙare da kisan Joe Masseria da Salvatore Maranzano. Kowane gida yana da shugaba, da mataimaki, da mai ba da shawara. A ƙarƙashinsu akwai kaftin-kaftin, kowanne da rukuninsa na sojoji da aka rantsar, a ƙarƙashin sojoji kuma akwai ɗimbin yaran aiki da ba a rantsar ba. A saman gidajen akwai majalisar ƙoli mai sasanta rikici da ba da izinin kashe manya.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan yadda za a fahimci wannan tsani. Donald Cressey, a 1969, ya ɗauke shi kamar ma'aikata mai ofisoshi da jerin umarni. Joseph Albini, a 1971, ya ce alaƙa ce ta ubangida da yaronsa, kowa na neman inuwar wani. Peter Reuter, a 1983, ya nuna cewa harkokin caca da bashi a New York ƙananan 'yan kasuwa ne ke tafiyar da su, abin da Mafiya ke bayarwa shi ne sasanci da tsoro. Diego Gambetta, a 1993, ya ƙarasa zancen da cewa hajar Mafiya ita ce kariya a inda babu yarda. Rayuwar Napolitano ta fi goyon bayan ukun ƙarshe. Ba a biyan kowa albashi a wannan tsani. Kuɗi daga ƙasa yake hawa: yaron aiki ya yanka wa soja, soja ya yanka wa kaftin, kaftin ya kai wa shugaba. Darajar kaftin tana auna da nauyin ambulan ɗin da yake aikawa, da yawan mazan da zai iya fitarwa ranar rigima.

Matsalar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce yarda. Ɓarawo ba shi da kotun da zai kai ƙara, ba shi da takardar shaidar aiki da zai nuna. To ta yaya za a amince da baƙo? Amsar ƙungiyar ita ce wani na ciki ya tsaya masa. Mu nan ba baƙi ba ne ga wannan dabara a kasuwancin halas. Nazarin Abner Cohen a kan Hausawan Sabo a Ibadan, wanda ya fito a 1969, ya nuna yadda falke zai kawo shanu daga Arewa a sayar wa mahauta bashi, ba takarda ba alƙali, don kawai maigidan da ya sauke shi ya tsaya a tsakani, in an ci kuɗin shi zai ɗauki asarar. Wancan sana'a ce ta mutunci, kuma na kawo ta ne don a ga siffar aikin kawai. Maigidan Sabo dukiyarsa da sunansa yake jinginarwa. Kaftin na Mafiya ransa yake jinginarwa, kuma ya san haka tun ranar da aka rantsar da shi.

Gidan da ya tashi a ciki

An haifi Napolitano a 1930, ya tashi a arewacin Brooklyn, iyayensa 'yan asalin Italiya ne. Gashinsa ya yi furfura da wuri yana rina shi baƙi, daga nan laƙabin ya samo asali. Shekarunsa na farko ba su da wani abin mamaki: fashin motocin kaya, caca, ba da bashi da ruwa mai tsanani. A shekarun 1970 yana rukunin wani kaftin mai suna Michael Sabella. Mazauninsa wata mashaya ce da ake kira Motion Lounge a titin Graham, yana zaune a saman benen, yana kiwon tantabaru a kan rufin.

Gidan Bonanno a lokacin marar lafiya ne. Wanda ya kafa shi, Joseph Bonanno, ya bar mulki a 1968 bayan rikicin da ya raba gidan biyu, ya koma Arizona. Philip Rastelli ya zama shugaba a 1974, amma a 1976 aka ɗaure shi saboda karɓar kuɗi da barazana daga masu motocin sayar da abinci. Carmine Galante, wanda ya fito daga kurkuku a 1974 bayan shekara 12 a kan fataucin ƙwayar heroin, ya ɗauki kansa a matsayin shugaba, ya kewaye kansa da samari 'yan Sisili, ya riƙe kasuwar ƙwaya ba ya son raba riba da sauran gidaje. Ranar 12 ga Yuli, 1979, aka harbe shi yana cin abincin rana a bayan wani gidan abinci da ke titin Knickerbocker a Bushwick. Mutum biyu suka mutu tare da shi. Masu gadinsa biyu, Cesare Bonventre da Baldassare Amato, ko ƙwarzane ba su samu ba.

Wannan kisa ne ya buɗe wa Napolitano ƙofa. An sauke Sabella don yana ɓangaren Galante, aka ba Napolitano rukuninsa. Yana da shekara 49. A lura da wannan sosai: muƙamin bai zo masa ta wata sabuwar sana'a da ya ƙirƙiro ba. Ya zo ne don ya tsaya a bayan Rastelli a daidai lokacin da aka share abokin hamayyar Rastelli. Wanda ya hau ta wannan hanya yana hawa da bashi a wuyansa. Dole ya nuna wa shugaban da ke kurkuku cewa zaɓin bai tashi a banza ba, kuma yaren da shugaba yake ji shi ne kuɗi.

Gadon da ya tarar

Cikin mutanen da ya gada daga Sabella akwai Benjamin Ruggiero, wanda ake kira Lefty, tsohon makashi da caca ta cinye, kullum cikin bashi. Ruggiero kuma yana da wani yaron aiki, ɓarawon gwala-gwalai, Donnie Brasco.

Pistone ya fara aikin a Satumba 1976, da nufin bin sawun masu sayen kayan sata na 'yan watanni. Ya yi haƙuri irin na mafarauci. Ya daɗe yana zama a mashayu ba ya tambayar kowa komai, har aka saba da fuskarsa. Ya fara da wani rukuni na gidan Colombo, daga baya Anthony Mirra na gidan Bonanno ya jawo shi, ta hannun Mirra ya san Ruggiero, Ruggiero ya yi masa rajista a matsayin yaronsa. Kafin Napolitano ya san shi, Brasco ya shekara kusan uku ana ganinsa a unguwa. Lamunin da Napolitano ya yi, a kan na wasu ya ɗora shi: Mirra ya kawo, Ruggiero ya tsaya, shi kuma ya karɓa. Raunin tsarin ke nan. Kowa yana zaton na gabansa ya bincika, alhali babu wanda ya taɓa ganin uwar Brasco ko wanda suka yi makaranta tare.

Abin da ya haɗa su kai tsaye shi ne Florida. FBI tana da wani gidan shaƙatawa, King's Court, a garin Holiday, arewa da Tampa, wani jami'in sirri Edgar Robb yana riƙe da shi da sunan Tony Rossi. Brasco ya kawo wa gidan Bonanno wannan wuri a matsayin ganima. Ga sabon kaftin, wannan ya wuce kuɗin caca. Yankin na Santo Trafficante ne, daɗaɗɗen shugaban Mafiyar Tampa wanda ya riƙe gidajen caca a Havana kafin juyin juya halin Cuba. A 1980 Napolitano ya zauna da Trafficante suka ƙulla haɗin gwiwa. Mutumin da shekara guda da ta wuce soja ne a wata mashaya a Brooklyn, yau ga shi yana cin abinci da shugaban wani gida, yana magana da yawun Rastelli. Kuma da hannunsa ya gabatar wa Trafficante da Brasco.

Gargaɗin da aka ƙi ji

Wurin da nake so mu daɗe a kai ke nan, domin a nan hujjar takardar take. Alamu sun bayyana, ba sau ɗaya ba.

A 1978 Brasco ya haɗa gidan Bonanno da Frank Balistrieri, shugaban Mafiyar Milwaukee, a kan harkar injinan sayar da kaya, ta hannun wani abokinsa wanda shi ma jami'in sirri ne. Ba zato ba tsammani Balistrieri ya yanke hulɗa, bai ce uffan ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma babu wanda ya bi diddigi. Daga baya jirgin ruwan shaƙatawa da Brasco ya taɓa ɗaukar Ruggiero da abokansa a ciki ya bayyana a mujalla a matsayin jirgin da FBI ta yi amfani da shi a tarkon Abscam, wanda ya kama 'yan majalisa da cin hanci. Ruggiero ya gane jirgin, ya tuhumi Brasco, Brasco ya lallaɓa shi da zance, magana ta mutu. A Janairu 1981 'yan sandan yankin suka kai samame daren caca a King's Court, duk da cin hancin da ake zaton an biya. Sannan a farkon wannan shekarar Mirra, wanda ya fito daga kurkuku, ya tayar da ƙara a cikin gida cewa Brasco yaronsa ne, ya kuma zarge shi da cinye dala 250,000 na kuɗin ƙwaya. Aka yi zama bayan zama. Napolitano da Ruggiero suka tsaya kai da fata a bayan Brasco, suka yi nasara.

Napolitano ba wawa ba ne. Pistone kansa ya bayyana shi a matsayin mutum mai nutsuwa da lura, wanda ya fi Ruggiero wayo nesa ba kusa ba. To me ya rufe masa ido? A ganina lissafin matsayinsa ne. Brasco ne mabuɗin Florida, Florida ce mabuɗin Trafficante, Trafficante kuma shi ne abin da ya fifita Napolitano a kan sauran kaftin-kaftin, musamman Joseph Massino na Queens wanda yake kai wa Rastelli saƙo a kurkuku. Binciken Brasco yana nufin jefa duk wannan cikin haɗari. Bayan zaman Mirra kuwa, abin ya ƙara tsauri, domin ya riga ya tsaya wa mutumin a gaban manyan gida. Duk wani shakku da zai nuna daga baya, shakku ne a kan hankalinsa shi kansa. Tsarin lamuni an yi shi ne don ya sa mai tsayawa ya yi hattara kafin ya tsaya. Amma da zarar ya tsaya, tsarin nan dai yana mai da shi mutumin da ya fi kowa buƙatar kada gaskiya ta fito. Shugaba ba ya cikin wannan tarko don ba ya haɗuwa da baƙi sai ta hannun wani. Soja yana ciki amma ɓarnarsa ƙarama ce, don ba shi da ikon kai baƙo gaban shugaban wani gida. Kaftin ne kaɗai yake kusa da titi har baƙo ya same shi, kuma yake kusa da sama har kuskurensa ya shafi kowa.

Akwai kuma abin da lissafi bai kama ba, wato shaƙuwa. Su biyun suna hawa rufi da safe su duba tantabaru, Napolitano yana buɗe masa cikinsa a kan siyasar gida. Mutumin da ke zaune cikin waɗanda kowannensu zai iya harbe shi gobe, ya samu wanda ba ya shan ƙwaya, ba ya surutu, ba ya ha'intarsa a rabo. Halayen da suka sa Brasco ya yi fice a idonsa, halaye ne na ma'aikaci mai horo wanda gwamnati ke biya, wanda bai damu da kasonsa ba.

Kisan kaftin uku

A bazarar 1981 gidan ya sake rabuwa. Kaftin uku, Alphonse Indelicato da Dominick Trinchera da Philip Giaccone, suna ganin ba dalilin da zai sa su ci gaba da yi wa ɗan fursuna biyayya. Massino da Napolitano, tare da ɓangaren 'yan Sisili, suka tsaya wa Rastelli. Ranar 5 ga Mayu, 1981, aka kira mutum ukun zaman sulhu a wani kulob a Brooklyn. 'Yan bindiga na ɓoye a cikin ɗakin ajiye kaya, har da Vito Rizzuto da aka ɗauko daga Montreal ta Kanada, wanda ya amsa laifinsa a 2007. Aka kashe su ukun. Frank Lino, wanda ya raka su, ya tsere ta ƙofa. Mutanen Napolitano na daga cikin waɗanda suka shigo suka naɗe gawarwakin suka wanke wurin. Bayan 'yan makonni yara suka ci karo da gawar Indelicato a wani fili a iyakar Brooklyn da Queens. Ragowar sauran biyun sai a 2004 aka tono su a wannan filin.

Ina jaddada wannan aukuwa saboda labarin tantabaru da abota yana iya sanyaya zuciyar mai karatu fiye da kima. Fim ɗin Donnie Brasco na 1997 ya ƙara wa wannan duniya kwarjinin da ba ta cancanta ba. Napolitano ya ci abinci daga gumin talakawan da suka karɓi bashinsa suka kasa biya, da direbobin da aka ɗora wa bindiga, kuma ya taimaka aka yaudari mutum uku da sunan sulhu aka hallaka su.

Bayan wannan dare ya kai ƙololuwar ƙarfinsa. Shi da Massino ne manyan masu faɗa a ji a kan titi. Ya ba Brasco aikin neman Anthony Indelicato, ɗan marigayi Alphonse, ya kashe shi, ya kuma gaya masa zai gabatar da sunansa a rantsar da shi a ƙarshen shekara. Jami'in gwamnati ba zai yi kisa ba, kuma zaman Pistone cikin gidan da ake harbe-harbe ya zama ganganci. Hukumar ta janye shi ranar 26 ga Yuli, 1981.

Kwana 20

Bayan kwana biyu jami'an FBI suka je wurin Napolitano, suka nuna masa hoton Brasco tsaye tare da su, suka gaya masa ko wane ne. Ya amsa a taƙaice, bai nuna komai a fuska ba. Da suka tafi ya tara na kusa da shi. Da farko wasu suka ce dabara ce, wataƙila an kama Brasco ne aka tilasta shi. Da gaskiya ta zauna, Napolitano ya bi ƙa'ida, ya sanar da manya, har da Trafficante.

Hukumar tana da dalilanta na wannan ziyara. Tana so a san Brasco jami'i ne ba ɗan gida da ya ci amana ba, da fatan hakan zai sa a ji tsoron taɓa shi. Tana so labarin ya girgiza su su yi ta waya ana naɗa. Tana kuma fatan wani zai tsorata ya ba da haɗin kai. Amma jami'an sun san ƙa'idar gidan sarai, sun san abin da wannan hoto yake nufi ga wanda aka nuna wa. An kama Ruggiero a ƙarshen Agusta bayan an ji ana shirin kashe shi, hakan ya tsirar da ransa. Napolitano an bar masa ƙofa a buɗe ya ƙi shiga. Ina ganin hakkin da ke kan gwamnati game da ran wanda ta yi amfani da shi, ko da mugu ne, tambaya ce da masu nazarin aikin 'yan sanda ba su ba ta haƙƙinta ba, kuma ta shafi kowace ƙasa da ke dasa jami'ai cikin miyagu.

Ranar 17 ga Agusta, 1981, aka kira shi zama. Ya tuɓe zobensa da sauran kayan adonsa, ya haɗa da makullan ɗakinsa ya ba mai sayar da giya a Motion Lounge, don a kula da tantabarun. Frank Lino, wanda ya tsira daren 5 ga Mayu, yana cikin waɗanda suka ɗauke shi a mota zuwa wani gida a Staten Island. Bisa shaidar Lino a 2004, an tura shi ne daga matakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka harbe shi, kuma da bindiga ta cije ya nemi a ƙarasa shi da kyau. Massino yana jira a mota a kusa. Napolitano yana da shekara 51, kuma duk zamansa a kan muƙami shekara biyu ne da 'yan kwanaki.

Hukuma ta tuhume shi a Nuwamba tana zaton ya gudu ne. Sai ranar 12 ga Agusta, 1982, daidai lokacin da Pistone yake ba da shaida a kotun tarayya a Manhattan, aka tsinci gawa a wani rafi a Staten Island, babu hannuwa, aka gane shi ta haƙora. Masu bincike da yawa sun fassara rashin hannuwan da cewa hukunci ne na hannun da ya sa manya suka gaisa da ɗan sanda. Mirra kuwa an harbe shi a motarsa a Fabrairu 1982, kuma ɗan'uwansa na jini, Joseph D'Amico, ya amsa daga baya cewa shi ya ja kunamar.

Me ya sa bai gudu ba? Gambetta zai ce suna shi ne jarin irin wannan mutum, in ya gudu ya rasa komai. Akwai kuma iyali da ke zaune a unguwa. Ni kuma ina ƙarawa da cewa mutumin da ya kai shekara 51 bai san wata duniya ba bayan titin Graham, wanda ya kira wasu irin wannan zama ya ga sun zo, zai yi wuya ya hango kansa a wani matsayi dabam. Pistone ya ruwaito cewa Napolitano ya bar saƙo cewa ba ya riƙe da shi a zuci, aikinsa ya yi.

Hukunci ko share fage

Bayanin da aka saba bayarwa shi ne an kashe shi ne don ya shigo da ɗan sanda. Masu gabatar da ƙara a 2004 sun ƙara da wani: Massino ya samu damar kawar da kaftin ɗaya tilo da zai iya ja da shi. Bayanan biyu ba sa karo da juna. Ƙa'ida ta ba da hujja, hamayya ta ba da mai zartarwa. Abin lura shi ne inda hukuncin ya tsaya. Trafficante ya zauna da Brasco, ba wanda ya taɓa shi, ya mutu a asibiti a 1987. Rastelli ya ci kuɗin Florida, ya mutu yana shugaba a 1991. Waɗanda aka yanke wa mutuwa su ne ukun da suka yi lamuni.

Aikin Pistone ya jawo tuhuma fiye da 200 da ɗauri fiye da 100, aka sa dala 500,000 a kansa. An yanke wa Ruggiero shekara 15, ya mutu da ciwon daji a 1994. Dokar RICO ta 1970, wadda ta ba da damar gurfanar da ƙungiya dungurungum maimakon mutum ɗaya-ɗaya, ta samu irin shaidar da take buƙata. Majalisar ƙoli ta kori gidan Bonanno daga kujerarsa. Wannan kora ta zame wa gidan garkuwa, domin lokacin da aka ɗaure shugabannin wasu gidajen shekara 100 kowannensu a Janairu 1987, idon hukuma ya ɗan kau daga kansa, Massino ya samu sararin gina shi a hankali. Da ya zama shugaba ya rufe wuraren taruwa, ya hana ambaton sunansa, ya tsaurara sharuɗɗan rantsar da sababbi, duk don kada a sake wani Brasco.

Kisan Napolitano ne ya dawo ya kama shi. A Janairu 2003 aka cafke Massino da wannan tuhuma. Kaftin-kaftin ɗinsa suka riƙa juyawa ɗaya bayan ɗaya, har da Lino, har da surukinsa kuma mataimakinsa Salvatore Vitale. Waɗannan mutane sun ga abin da biyayya ta jawo wa Napolitano, kuma dokar RICO da shirin ɓoye masu shaida sun ba su zaɓin da ya fi zuwa zama. Ranar 30 ga Yuli, 2004, aka sami Massino da laifi a duk tuhume-tuhumen, har da kisan mutum 7. Da ya ga akwai wata shari'ar da za ta iya kai shi ga hukuncin kisa, sai ya nemi ganin alƙali Nicholas Garaufis. Ya ɗaura na'urar naɗar murya a cikin kurkuku ya naɗi muƙaddashinsa, Vincent Basciano, ya zama shugaban gida na farko a New York da ya ba gwamnati haɗin kai yana kan mulki. Abin da Napolitano ya yi cikin rashin sani aka kashe shi a kai, Massino ya yi shi da gangan, kuma yana da abin sayarwa da ya fi na kowa tsada saboda duk ambulan da duk umarnin kisa ta hannunsa suka bi. An yanke masa ɗaurin rai da rai a 2005, aka sassauta aka sake shi a 2013, ya rasu a Satumba 2023 yana da shekara 80.